Kwanan Haeinsa da ɗakunan alluna 81,258

Duk wanda ya zauna a Koriya ta Kudu ya san Asabar ranar hawan dutse ce. Tun da duku-duku za ka ga dattawa maza da mata a jirgin ƙarƙashin ƙasa, da rigunansu ja da kore, kowa da jakar goyo da sanduna biyu, an nufi tsauni. Kusan kashi 70 cikin 100 na ƙasar tuddai ne, kuma da wuya ka bi wani kwari mai ruwa har ƙarshensa ba ka ci karo da haikalin mabiya addinin Buda ba. Abin yana da asali. Daular Joseon da ta kafu a 1392 ta rungumi koyarwar Konfushiyas, ta rufe yawancin haikalan cikin gari, har ta hana malaman Buda shiga babban birni. Waɗanda suka fake a cikin duwatsu su ne suka rayu. Shi ya sa yau in ka shiga gandun dajin ƙasa, ko a Seoraksan ne ko Jirisan ko Songnisan, sai ka tarar da haikali a bakin hanyar hawa.

Karatun injiniyan gine-gine ne ya kai ni birnin Daegu, kuma a aji na fara jin sunan haikalin Haeinsa. Malaminmu na darasin iska da danshi a cikin gini ya haska mana hoton wasu dogayen ɗakuna na katako da laka, babu fanka, babu na'urar sanyaya ɗaki. Ya ce a cikinsu akwai allunan katako 81,258 da aka sassaƙa nassoshin Buda a kansu a ƙarni na 13, kuma har gobe in aka shafa musu tawada za su buga littafi tsaf. Tun ranar na ƙudura sai na shiga ɗakunan nan da ƙafata, na ji iskar a jikina.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce shirin kwana a haikali, wanda suke kira Templestay. An faro shi a 2002, lokacin gasar cin kofin duniya da Koriya da Japan suka karɓi baƙunci, kuma ɗariƙar Jogye, babbar ɗariƙar Buda ta ƙasar, ita ke riƙe da shi. Shafin intanet ɗaya ne ya tattara haikalan da ke karɓar baƙi. Ka zaɓi wuri, ka zaɓi rana, ka biya. Tsari biyu ne: akwai wanda za ka bi jadawalin mazauna wurin daga farko har ƙarshe, akwai kuma na hutu, wanda daga lokacin cin abinci sai lokacin kwanciya ba wanda zai neme ka. Na haɗa biyun, don ina son in ga rayuwar wurin, ina kuma son in samu sararin hawan dutsen Gayasan, inda haikalin yake.

A ƙasan fom ɗin akwai gurbin ƙarin bayani, kuma nan ne na fi daɗewa. Na rubuta a fili cewa ni Musulmi ne, ba zan rusuna ko in kai goshi ƙasa gaban gunki ba, zan yi sallolina biyar a ɗakina, in hakan zai ɓata musu tsari su gaya mini tun yanzu. Amsar ta zo ta imel a taƙaice: ka zo, lokacin ibada ka zauna a baya ko ka tsaya a waje, ba a tilasta kowa. Batun abinci bai ma taso ba, domin girkin haikali babu nama, babu kifi, babu giya.

Duk da haka ban tafi ba sai da na kira gida. Na ce, "Baba, wurin fa akwai gumaka a ciki." Ya ce, "To me zai kai ka?" Na yi masa bayanin allunan, na ce an gama aikinsu a 1251, wajen shekara 500 kafin haihuwar Shehu Usmanu. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Kuma gara ba ta ci ba? To je ka gano mana. Goshinka dai na Allah ne, kada kuma ka bari salla ta wuce ka."

Shiga cikin ɗakin allunan kansa rajista ce daban. Shekara da shekaru daga waje ake leƙe ta tsakanin sandunan taga, sai a 2021 aka fara barin mutane kaɗan, waɗanda ba su wuce 20 ba a kowane zubi, su shiga a ranakun Asabar da Lahadi. Gurbin kan cika da wuri, shafin kuma da harshen Koriya yake, don haka wani abokin karatuna ɗan ƙasar ne ya zauna ya cike mini.

Daga tashar Seobu ta Daegu bas yake tashi, ya bi ta Goryeong ya shiga gundumar Hapcheon, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi. Ban jira ya kai ƙarshen hanya ba. Na sauka a gindin kwarin Hongnyudong na kama hanyar ƙafa da ake kira Sorigil, mai tsawon kilomita 6 zuwa 7, wadda ke bin gefen rafi har kusa da haikalin. Ƙarshen watan Oktoba ne, lokacin da ganyen itatuwa ke komawa ja da ruwan ɗorawa kafin su zube, kuma wanda ya taso inda ganye ke bushewa kawai ya faɗi, dole ya riƙa tsayawa yana kallo. Ruwan na faɗowa kan fararen duwatsu da ƙarar da sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. A tsakiyar hanya akwai wata 'yar rumfa mai rufin gargajiya, Nongsanjeong, inda ake cewa masanin nan Choe Chiwon yakan zauna. An haife shi a 857, ya tafi ƙasar Sin karatu yana ɗan shekara 12, ya ci jarrabawar aikin gwamnati a can, ya dawo gida ya tarar daular Silla mai mulkin Koriya a lokacin ta kama hanyar rushewa, shawararsa ba ta shiga kunnen masu mulki. Sai ya tattara ya shigo wannan kwarin, bai sake komawa fada ba.

Ba a karɓi ko sisi a hannuna a ƙofa ba. An soke kuɗin shiga gandun dajin ƙasa tun 2007, kuɗin da haikalai ke karɓa kuma aka daina a 2023. Gayasan ya zama gandun dajin ƙasa a 1972, amma Haeinsa ya girme wa wannan doka nesa ba kusa ba: malamai biyu, Suneung da Ijeong, su suka kafa shi a 802. Da ka wuce ƙofar farko, Iljumun, hanya za ta miƙe tsakanin dogayen itatuwa, a hannun dama kuma akwai wani ƙaton kututture da aka killace, wanda ake cewa tun kafuwar haikalin aka shuka shi, ya mutu a 1945. Daga nan sai matakala, ƙofa, matakala, ƙofa, kowane fili ya fi na baya tudu.

A ofishin baƙi wata mata ta duba sunana, ta miƙo mini 'yar shara da wando buje, ta nuna mini ɗaki. Babu gado. Katifa ce mara kauri a naɗe a kusurwa, da daɓe mai ɗumi, don ta ƙarƙashin ƙasa suke ɗumama ɗaki. Bayan la'asar aka tara mu, baƙi daga ƙasashe daban-daban da 'yan ƙasa, wani sunim, wato malamin haikali, ya karanta mana ƙa'idoji. A yi tafiya hannu ɗaya a kan ɗaya a saitin cibiya. Ba a gudu, ba a ɗaga murya. Ba a shiga zauren ibada ta ƙofar tsakiya, ta manyan malamai ce. In ka cire takalmi ka jera shi daidai. Ƙarfe 9 na dare a kashe fitila. Ya nuna yadda ake gaisuwa, a haɗa tafin hannu a sunkuyar da kai. Da ya iso kaina na ɗora hannun dama a ƙirji na ce masa, "Sunim, haka nake gaida manya." Ya ɗora nasa hannun a ƙirji ya wuce na gaba.

Na yi magariba a ɗaki, na fuskanci yamma da ɗan karkata arewa, don can alƙibla take daga Koriya. Ina sallamewa na ji ganga.

A gefen babban fili akwai wata rumfa da aka rataye abubuwa huɗu: tambari wanda faɗinsa ya fi tsayin mutum zaune, ƙatuwar ƙararrawar tagulla, kifin katako da aka rarake cikinsa, da faifan ƙarfe mai siffar gajimare. Haeinsa na da makarantar horar da malamai, ɗalibanta ne ke kiɗan. Saurayi ya tsaya gaban tambarin da sanduna biyu, faffaɗan hannun rigarsa mai ruwan toka na tashi sama, yana dukan tsakiya, yana kewaya baki, yana karta sandar a kan ƙusoshin gefe. In ya gaji sai wani ya matso ta gefensa ya fara bugawa a hankali, ya karɓe kiɗan, na farkon ya zame, kunne bai ji inda aka yi canjin ba. A aƙidarsu tambarin na dabbobin tudu ne, kifin na halittun ruwa, faifan na tsuntsaye, ƙararrawar kuma ta waɗanda ke cikin azaba. Ita ba ta da harshe a ciki, da gungume ake dukanta daga waje, sau 33 da yamma, sau 28 da asuba. Kowane bugu sai ya ratsa ƙirjinka, ba a kuma sake wani sai amon na farko ya kusa mutuwa.

Da suka shiga babban zaure, Daejeokgwangjeon, don ibadar dare, na zauna kan matakalar gefe a waje. Ginin na 1818 ne, an sake shi bayan gobarar 1817. Muryoyin maza masu yawa na fitowa a tare kamar murya ɗaya. Abin da suke bautawa ba nawa ba ne, zuciyata ba ta yi rawa a kan wannan ba. Abin da na lura da shi kawai, a cikin mutanen nan babu mai yin aikinsa da ganganci, daga mai kiɗa har yaron da ke jera takalman da aka bari a ƙofa.

Tun kafin alfijir wani malami ke zagaya harabar yana ƙwanƙwasa moktak, wani ɗan ƙoƙon katako, yana farawa a hankali yana ƙarawa don kada a firgita mai barci. Sanyin dutse a wannan lokaci yana shiga ƙashi. Abokan kwanana suka tafi zaure yin rusunawa 108, kowace ɗaya su zura ƙwayar carbi guda a zare. Ni na yi alwala na jira lokaci, na yi asuba, na karanta abin da ya sauwaƙa har gari ya fara haske.

Karin kumallon ranar shi ne cin abinci irin na malamai, balwoo gongyang. Aka zaunar da mu sahu biyu muna fuskantar juna, gaban kowa ƙunshin ƙyalle. In ka kwance za ka ga akushi huɗu, ƙarami cikin babba. Akwai yadda ake fitar da su da manyan yatsu don kada su yi ƙara, akwai inda kowanne ke zama: babban na shinkafa, mai bi masa na miya, na uku na ruwa mai tsabta, ƙaramin na kayan haɗi. Ba a magana ko kaɗan. Sandar gora tsagaggiya ce ke ba da umarni, in malamin ya buga ta a tafin hannu kowa ya san abin da ke gaba. Aka fara zuba ruwa, ka ɗauraye akusan ɗaya bayan ɗaya ka adana ruwan a na uku. Aka raba shinkafa, aka sake zagayowa don wanda ta yi wa yawa ya rage, wanda ta yi wa kaɗan ya ƙara. Miyar daddawar waken suya ce da awara a ciki, sai ganyaye, da kabeji mai yaji, da laimar kwaɗi irin wadda ake ci. Babu tafarnuwa, babu albasa, don suna cikin kayan ƙamshi biyar da malamai ba sa ci, wai suna tayar da jini su hana natsuwa. Suna karanta addu'arsu, na yi bisimilla a zuciyata.

Tun da farko an gargaɗe mu kowa ya ware yanki ɗaya na danmuji, wata saiwa mai ruwan ɗorawa da ake jiƙawa a gishiri, kada ya cinye. Amfaninsa sai a ƙarshe. Aka zuba ruwan ɗumi a akushin shinkafa, ka kama yankin da tsinken cin abinci ka goge cikin akushin tas, ka juye ruwan a na miya ka goge, ka juye a ƙaramin ka goge, sannan ka cinye yankin ka shanye ruwan. Bayan nan ka sake ɗauraye su da ruwan nan na farko da ka adana, a zagayo da bokiti kowa ya tsiyaye nasa. Malamin ya ɗauki bokitin sahunmu ya duba shi a haske. Dokar ita ce in aka ga ko ɗigon barkono, sahun gaba ɗaya za su raba ruwan su shanye. Suna cewa ruwan na wasu mayunwatan ruhohi ne masu maƙogwaro kamar kafar allura, ƙwayar abinci ɗaya na iya shaƙe su. Wata baƙuwa a gefena ta sha nata da ƙyar, idonta ya kawo ruwa. Ni kuwa abin da ya faɗo mini a rai shi ne umarnin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, na a suɗe kwano don ba a san a wane ɓangaren abinci albarka take ba, na kuma tuna tulin shinkafar da ake kwashewa zuwa bola bayan kowane biki. Aka goge akusan da ƙyalle aka ɗaure. Ba a kai komai wurin wanke-wanke ba, don babu abin wankewa.

Da hantsi aka kai mu ɗakin gwajin bugu. Allon da aka ajiye mana kwafi ne, ɗauke da wani gajeren nassi nasu mai haruffa 260. Haruffan a juye suke, sun taso sama, an rarake kewayensu. Ka tsoma buroshi a tawada ka bi kan allon a ko'ina daidai, ka shimfiɗa takardar hanji da ake yi da ɓawon itace, sannan ka murza bayanta da wani dunƙulen gashi da aka shafa wa kakin zuma don ya riƙa sulɓi. In tawada ta yi yawa sai ta cike tsakanin layuka harafi ya zama dunƙule, in ta yi kaɗan sai ya fito da ramuka, in takarda ta gusa ko da faɗin gashi ne sai komai ya zama biyu-biyu. Kana murzawa baƙin na ɓullowa ta bayan takardar, layi bayan layi. Sai da na kai yatsa kan wani harafi mai zane fiye da goma, dukansa bai fi girman farcen babban yatsa ba, sannan na fahimci me ake nufi da cewa mutane sun sassaƙa irinsa fiye da miliyan 52, a juye, da wuƙa.

Ƙarfe 2 na rana muka taru, aka duba sunaye, aka ce a kashe waya, ba a ɗaukar hoto, ba a taɓa komai. Ɗakunan allunan, Janggyeong Panjeon, su ne a can saman haikalin, sun fi zauren ibada ma tudu, kuma matakalar da ke kai wa gare su a tsaye take ƙyam. Dogayen ɗakuna biyu ne, Sudarajang a gaba, Beopbojeon a baya, kowanne tsawonsa wajen mita 60, da ƙanana biyu a gefuna, sun kewaye fili. Babu fenti mai launi irin na sauran gine-ginen, babu ado. Ginin ƙarni na 15 ne, kuma gobarar da ta sha cin haikalin ba ta taɓa kai wa gare shi ba.

Labarin allunan labarin yaƙi ne. Daular Goryeo, wadda ta mulki Koriya kafin Joseon, ta fara sassaƙa nassoshin Buda a 1011, lokacin da mutanen Kitan na arewa suka kawo hari, aka gama a 1087. A 1232 rundunar Mongol ta ƙone su ƙurmus a haikalin Buinsa, kusa da Daegu inda nake zaune. A shekarar sarki Gojong ya kwashe fada zuwa tsibirin Ganghwa, kuma daga can, ƙasa na cin wuta, aka yanke shawarar a sake aikin daga farko da fatan samun kariya. Aka kafa ma'aikata a 1236, aka yi bikin gamawa a 1251. An kawo allunan zuwa Haeinsa a 1398. Yawancin katakon ceri ne na daji. Abin da aka gada a baki shi ne an jiƙa gungumen a ruwan teku, aka dafa allunan a ruwan gishiri, aka shanya su a inuwa tsawon lokaci kafin wuƙa ta taɓa su. Bayan sassaƙa aka shafe su da ƙaron wani itace mai hana ruwa da ƙwari, aka ɗaure kusurwoyin da ƙarfe.

Da muka shiga Beopbojeon abin da ya fara tarbata ƙamshin tsohon katako ne busasshe, babu ko alamar warin laima. Kantoci sun tashi daga ƙasa har kusa da rufi, allunan a tsaye a gefensu, baƙi ƙirin, layi bayan layi har inda haske ya ƙare. Kowane allo faɗinsa kamar santimita 70, tsayinsa 24, nauyinsa kilo 3 zuwa 4, rubutu gaba da baya, layi 23 a kowace fuska, harafi 14 a kowane layi. A bakin kowanne ta hagu da dama an saka wani katako da ya fi allon kauri. Shi ke hana shi lanƙwashewa, shi ke hana fuskar wannan ta goga ta wancan, kuma saboda shi akwai 'yar siririyar kafa tsakanin kowane allo da maƙwabcinsa, daga kanta ta ƙasa har ta sama. Na durƙusa na kai bayan hannuna kusa da kantar ƙasa ba tare da na taɓa ba. Iska na wucewa, a hankali ƙwarai, amma tana wucewa.

Sirrin yana jikin tagogi. Kowane bango na da taga biyu, sama da ƙasa, da sandunan katako a tsaye. A bangon gaba ta ƙasa ta fi ta sama girma ninki-ninki, a bangon baya kuma ta sama ce babba. Ginin na kallon kudu maso yamma, iskar da ke hawowa daga kwari sai ta shigo ta ƙasa, ta ratsa tsakanin allunan, ta zagaya ɗakin kafin ta sami hanyar fita. Daɓen kuma ƙasa ce da aka danƙare a kan gawayi da gishiri da farar ƙasa da yashi. In damina ta kawo danshi ya tsotse, in rani ya busar da iska ya saki. A shekarun 1970 an gina wani ma'aji na kankare da na'urori don a mayar da allunan can, aka fara gwadawa da kaɗan, suka kama fumfuna, aka fasa. UNESCO ta sa ɗakunan a jerin kayan tarihin duniya a 1995, allunan kansu kuma ta sa su a kundinta na muhimman rubuce-rubucen duniya a 2007.

A matsayina na ɗalibin gini, nan ne na ji an taɓa ni. Mu an koya mana in abu na da daraja a rufe shi ruf, a sa masa na'ura, a ja masa wuta. Magina na Haeinsa sun zauna sun karanci inda iskar kwarinsu ke fitowa da inda take zuwa, suka buɗe mata hanya daidai gwargwado. Na'ura na tsayawa ranar da wuta ta ɗauke ko kuɗin gyara ya ƙare, kuma na san ɗakunan ajiye tsofaffin littattafai da hakan ta faru da su. Tagar da aka auna da kyau ta shekara fiye da 500 tana aiki ba ta nemi komai a hannun kowa ba.

Ginin ma rabin labarin ne. Wani malami mai suna Sugi ya jagoranci masu tacewa, suka jera bugun farko na Goryeo da na daular Song ta ƙasar Sin da na Kitan, suna gwada su layi-layi, suka rubuta inda suka sami saɓani da dalilin da ya sa suka zaɓi wannan suka bar wancan. Saboda ingancin wannan aiki ne Japanawa suka ɗora babban bugunsu na zamani a kansa a shekarun 1920. Wanda ya taɓa ganin alaramma ya rubuta Alƙur'ani da ka, sannan aka zauna ana bin rubutun wasali-wasali kafin a yarda a ce ya rubuta, ya san irin wannan tsoron kuskure, ya kuma san ba ya samuwa sai a wurin mutanen da suka ɗauki littafinsu da nauyi. Mai yi mana jagora ya haska gefen wani allo da 'yar fitila, can wajen layukan nassi, ya nuna mana wasu ƙananan haruffa biyu. Sunan wanda ya sassaƙa allon ne. Alluna da yawa na ɗauke da irin wannan suna.

A hanyar saukowa na tsaya gaban dutsen tunawa da Kanar Kim Young-hwan. A 1951, ana tsakiyar yaƙin Koriya, mayaƙan sunƙuru sun ɓuya a yankin, aka umarci ayarin jiragensa ya yi wa haikalin ruwan bama-bamai. Ya ƙi, ya hana yaransa sakin ko ɗaya.

Washegari na kama hanyar ƙololuwa tun da sanyin safiya, domin masu kula da gandun na rufe ƙofar hawa da rana ta yi, don kada dare ya riski kowa a sama, kuma daga tsakiyar Nuwamba akan rufe wasu hanyoyin gaba ɗaya saboda gobarar daji. Hanyar na farawa ta bayan haikalin, cikin kurmi da gajeriyar gora, a saukake. Can sama sai itatuwa su gajarce, ƙasa ta ƙare, a koma tsuran dutse da matakalar ƙarfe. Na wuce Bongcheondae, wani faffaɗan dutse inda mutanen zamanin da suke hawa roƙon ruwa in fari ya yi tsanani, na isa Sangwangbong mai tsayin mita 1,430. A kan ƙololuwar akwai wani ɗan gurbi a cikin dutse, Ubijeong, da ruwa kwance a ciki, ana cewa ba ya ƙafewa. Gari ya yi garau ranar, tsaunuka jere bayan jere, wani dattijo ya nuna mini Jirisan da sandarsa can kudu maso yamma. Chilbulbong, wadda ta ɗara wannan da mita 3 kacal, tana nan kusa, mutane na tsallakawa su dawo.

Dattijon da matarsa suka shimfiɗa 'yar tabarma suka kira ni. Ya miƙo mini kofin giyar shinkafa, na ɗora hannu a ƙirji na ce ba na sha. Matar ta ture hannunsa tana yi masa faɗa, ta ɓare dafaffen dankali ta ba ni, ta ƙara da lemo biyu. Da muka gama ta tattara ɓawon dankalin da na lemon har na wanda na ci, ta ƙulle a leda ta jefa a jakarta, domin babu kwandon shara a kan dutsen, kowa da abin da ya hau da shi yake sauka. Na yi azahar a wani lungu bayan dutse inda iska ba ta bugawa, na kama gangara. Saukar ta fi hawan cin gwiwa, matakalar ƙarfen kuma na da santsi inda raɓa ba ta bushe ba. Na mayar da 'yar sharar da wandon ofis, na naɗe takardar da na buga a cikin kwali don kada ta karye, na gangara tasha na sami bas ɗin Daegu na yamma.